Ranar da Aka Ɗauko Sunansa Daga Danchuwa

Tun ina ƙarama nake tsoron ganin alƙalami kusa da namiji. Ba na allo da tawada ba, wannan a cikinsa na tashi. Alƙalamin boko nake nufi, wanda ake zarowa daga aljihun riga, a dubi mutum a ce, "Yaya sunanka? Ɗan wane ne kai?" In na ji tambayoyin nan biyu a jere, sai tsoro ya rufe ni.

Babana ne dalili. Ina famfara aka zo ƙauyenmu ɗiban mutanen da za su je haƙar kuza a tudun Jos, lokacin yaƙin Turawa. Na tuna an shimfiɗa wa wani malami tabarma a gindin tsamiya, maza sun yi layi a gabansa. Ba kowa yake rubutawa ba. Sai ya matsa dantsen mutum, ya sa shi ya buɗe baki, ya ce ya yi tsalle, kamar mai cinikin jaki. Wanda ya yi tari a ce masa ya koma gida. Babana bai yi tari ba. Aka ce 'yan watanni ne su dawo, waɗansu kuwa sun dawo ɗin. Mu hularsa aka kawo mana. Wanda ya kawo ta ya ce sanyin can ne ya shiga ƙirjinsa, ga shi ba shi da bargo. Innata ta karɓa ta sa a ƙarƙashin tulin ƙorenta. Daga ranar, ko a hira aka ambaci rubuta suna, takan tashi ta bar wurin.

Na girma aka yi mini aure a Danchuwa. Maigidan ƙaramin falke ne, kanwa da gishiri yake ɗora wa jakunansa yana bin kasuwanni. A ranin da na haifi ɗanmu na fari aka yi shela cewa duk namijin da ya isa ya je a rubuta sunansa, wai za a yi zaɓe. Ya wanke rigarsa ya tafi. Ya dawo da wata 'yar takarda, ya naɗe ta tare da ta haraji cikin jakar fata da yake ratayawa a wuya.

Na bari sai da ya fara cin tuwo na ce, "Malam, haka fa aka yi wa babana."

Ya ce, "Ke, wannan ba ɗiba ba ce. Turawa ne za su tafi. Mu za mu nuna wanda zai je Ikko ya yi magana a madadinmu."

Na ce, "Shi ma an ce masa ba komai ba ne."

Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da cin tuwonsa. Ba mugun mutum ba ne, bai dai iya faɗar magana sau biyu ba.

Kafin ruwa ya sauka muka tashi muka komo cikin Potiskum, don ya fi kusa da babbar kasuwa. Muka sami ɗaki da ɗan tsakar gida a bayan kasuwar, ko zaure babu, zana ce ta kewaye mu. Mata a Danchuwa suna ta yi mini tsiya, wai ɗokin birni ya hana ni kukan rabuwa. Ba su san abin da nake wa murna ba. A raina cewa nake, sunan yana can, mutumin yana nan. Ranar da aka zo ɗaukarsu, a yi ta kira a Danchuwa, ba mai amsawa.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wata safiya Malam yana ɗaure wa jakuna kaya zai tafi Gadaka, sai ga mai shela yana bin lungu. Duk wanda ya tashi daga inda aka rubuta shi, in ji shi, Bulama zai zaga da malami gida gida a gyara, a san inda kowa yake. Bulama shi ne mai unguwarmu.

Malam ya ja igiya ya ƙulle, ya ce, "Kin ji dai. In sun zo ba na nan, ki ce a nan nake yanzu, a ɗauko sunana daga Danchuwa. In ba haka ba, ranar zaɓe a ce ba ni cikin na can, ba ni cikin na nan."

Na ce, "To."

Sai da na daina jin kofaton jakunan na tuna abin da shi ya manta. Mu mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukinta, ba ta kama na ɗan fari. Tun da aka kawo ni ɗakinsa bakina bai taɓa furta sunansa ba. Ga shi baƙi ne mu a unguwar, kowa Mai kanwa yake ce masa. Takardun da ke ɗauke da sunan kuma suna rataye a wuyansa a hanyar Gadaka. Na zauna a kan turmi da yaro a cinya, na ce ashe Allah ya buɗe mini ƙofa. In sun zo in sunkuyar da kai in yi shiru, su gaji su wuce. Wa zai ga laifin matar da ta ji kunyar sunan mijinta? Shi kansa ba zai gani ba.

Amma fa na ce masa "to", kuma na san yadda yake son abin nan. Haka na yi ta juyawa tsakanin biyun, ina daka ina mantawa da abin da ke cikin turmin.

Suka zo da hantsi. Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai tallan nono da takan sauke ƙwaryarta a bakin zanarmu ta huta, Goggo nake ce mata. Tana zaune tana ba ni labarin saniyarta da ta ƙi ɗan maraƙinta, sai muka ji ƙararrawar keke. Na goya yaro, na sa ido a wata 'yar kafa da ke jikin zana.

Bulama ne a gaba, dattijo mai furfura, yana dogara sanda. Bayansa wani saurayi yana tura keke, Babarbare da tsagarsa, da babban littafi ɗaure a bayan keken, alƙalami a aljihu. Na ƙara manna ido a kafar.

Ba wurinmu suka fara tsayawa ba. Maƙwabcinmu wani tsoho ne makaho, tufkar igiya yake yi a ƙofar gidan 'yarsa. Tun kafin su iso ya ɗaga murya.

"Bulama, kada ku wuce ni! Tun daga kwana na ji keken nan."

"Wa zai wuce ka, Baba? Da kai za mu fara."

Saurayin ya jingine keke, ya tsuguna, ya buɗe littafi a kan gwiwa. Tsohon ya ce a wajen Fika aka rubuta shi, 'yarsa ce ta ɗauko shi da idon ya ƙarasa rufewa. Saurayin ya ce, "To Baba, ranar zaɓe yaya za ka gane akwatin da kake so?"

"Yaro, igiyar da ka ɗaure littafin nan da ita, ba ni in shafa. Ai kuwa tufkata ce. Ban taɓa ganinta ba, ta kwance maka? Kai dai rubuta."

Bulama ya yi dariya har yana buga sanda a ƙasa. Ni ban yi ba. Jira nake in ga an matsa dantse, an ce buɗe baki. Ba a yi ba. Ana cikin haka tari ya sarƙe tsohon, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya daɗe yana yi. Na ce a raina, shi ke nan, yanzu za a rufe littafi a ce ya koma ciki. Saurayin ya ɗaga alƙalami ya jira. Da tarin ya lafa ya ce, "Sannu Baba. Ɗan wane ka ce?" Ya ci gaba da rubutu. Ya gama ya karanta masa, tsohon ya ce a sake faɗa ya ji da kyau, aka sake.

Na janye idona daga kafar. Me makaho mai tari zai yi a ramin kuza? Na tambayi kaina, na sake tambaya, ban sami abin da zai yi ba.

"Salamu alaikum, masu gida. Mai kanwa yana ciki?"

Na ja mayafi na fito bakin zana, na durƙusa na gaishe su. Na ce, "Ya tafi Gadaka, Baba."

"Ya bar sallahu?"

A nan ne na shirya yin shiru. Sai na ji bakina yana faɗar abin da ban shirya ba. Na ce, "Baba, ina za a kai su?"

Saurayin ya ce, "Su wa?"

"Waɗanda ake rubutawa."

Ya fara dariya. Bulama ya dube shi, dariyar ta tsaya. Dattijon ya sauke murya ya ce, "'Yata, wa aka ɗauke miki?"

Na ce, "Babana."

Ya jinjina kai ya ce, "Ni ƙanena." Sannan ya ce wa saurayin ya juya littafin, shi Bulama ya ɗora yatsa a saman shafi. "Ban sani ba ko kina karatu. Wannan sunana ne. Na ƙarƙashinsa na liman ne. Shi kansa mai alƙalamin nan yana ciki. Wancan karon ba a rubuta irinmu ba, kin sani. Wannan karon in ɗiba ce, da ni za a fara. Makarantar da kike wucewa in za ki rijiya, can za su je da ƙafarsu, su jefa takarda a akwati, su dawo su ci abin da kika dafa."

A lokacin ban iya karanta ko harafi ba. Yatsansa na kalla, ba rubutun ba. Ba ya rawa.

Na ce, "Ya bar sallahu, Baba. Ya ce a ɗauko sunansa daga Danchuwa."

Saurayin ya gyara tsuguno. "Madalla. Yaya sunansa? Ɗan wane ne?"

Ga tambayoyin nan biyu sun zo a jere, ga ni ina so in amsa, ga bakin ya ƙi buɗewa. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin zane.

"Sunansa na ce, baiwar Allah."

Goggo ta tafa hannu. "Kai Babarbare! A garinku mata kiran sunan miji suke yi kamar mai kiran akuya? Wa ma ya ba bawa alƙalami?"

"Goggo, takarda ba ta san kunya ba. Ba zan rubuta Mai kanwa ba. Masu kanwa a garin nan sun fi Fulani masu zuba wa nono ruwa yawa."

"Uwarka ce ta sha mai ruwan, shi ya sa ka fito haka siriri kamar kara."

"Ki koma daji, Goggo, shanu suna cigiyarki."

Bulama ya ce su bari haka, rana tana yi. Ya tambaye ni ko akwai ɗan'uwansa a kusa, na ce duk suna Danchuwa. Saurayin ya ce gobe wata unguwar za su shiga, bai san ranar da zai sake biyowa ta nan ba. Ya fara rufe littafin. Abin da na roƙa tun ranar shela ke nan yana faruwa a gabana, amma sai na ji kamar za a ƙwace mini wani abu.

Goggo ta ce, "Buɗe abinka, bawana. Ke kuma 'yar nan, dube ni. Zan jero sunayen maza. In na taka nasa, ki ja mayafi ki rufe fuska. Ba ki faɗa ba, ba a ji a bakinki ba."

Ta fara da sunayen annabawa, tana lanƙwasa yatsu, tana jan kowane suna da harshenta na Fulani. Makahon ya bar tufka ya juyo da kunne. Mata biyu masu zuwa rijiya suka sauke tuluna suka tsaya. In ta faɗi suna sai kowa ya dube ni, in tsaya ƙiƙam, ta wuce. Ta gama da annabawa ta shiga sahabbai. Tana cikin wani suna yaron da ke bayana ya yi atishawa, na juya in duba shi, mayafin ya zamo ya rufe mini ido.

Saurayin ya ce, "Yauwa!" Ya kafa alƙalami.

Na ce, "A'a! Ba shi ba ne! Kada ka rubuta!"

Da ƙarfi na faɗa, har kajin maƙwabta suka watse. Ban taɓa ɗaga wa baƙon namiji murya ba sai ranar. Kowa ya bushe da dariya. Makahon ya ce, "Bulama, wannan in aka ba ta akwati ta tsare, ko ƙuda ba zai shiga ba." Ni kuwa ina tsaye ina mamakin kaina. Ni da na so sunan ya ɓace, ga ni ina faɗa don kada a rubuta shi ba daidai ba.

Goggo ta ɗora daga inda ta tsaya. Ba ta yi nisa ba ta taka shi. Na ja mayafin da hannu biyu na rufe fuskata ruf, na juya na fuskanci zana. Ta maimaita don a tabbata, na ƙara dunƙulewa. Na ji alƙalami yana tafiya a kan takarda, wannan karon ban ji tsoro ba.

"Saura na uban," in ji saurayin. "Goggo, kina da sauran numfashi?"

Wannan ya fi sauƙi, ya kuma fi wuya. Ɗanmu sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa Baba ƙarami muke ce masa. Na juya musu baya na nuna goyon da haɓa.

Makahon ya ce, "Ku huta, wannan ni na san shi. Ranar da suka tare uban ya kawo mini yaron na tofa masa addu'a." Ya faɗa. Na ƙara jan mayafi.

Saurayin ya karanta duka da ƙarfi, sunan da na uban, da Danchuwa inda aka fara rubuta shi, da unguwar da yake yanzu. Ya ce, "Haka ne?" Na gyaɗa kai. Ya ce in Malam ya dawo ya kai 'yar takardarsa gidan Bulama a gwada da abin da aka rubuta, don kada a sami saɓani.

Yana ɗaure littafi Goggo ta ce, "Ni fa? Rubuta ni."

"Mata ba sa ciki, Goggo."

"Ni da nake ciyar da rabin garin nan?"

"Ba ni na tsara ba. Da ni ne ma, ai ba zan fara da Bafulatana ba."

Ta wurga masa ludayi, ya kauce, ya hau kekensa. Ta tashi ta ɗauko abinta tana kaɗe ƙasa, ta ce da ni, "Mu muka san sunan, mu muka tsare shi, amma mu ba ma ciki." Maganar ta zauna mini har yau.

Da Malam ya dawo daga Gadaka, tun a ƙofa makahon ya tare shi da labari, da ƙari a ciki. Ya shigo yana dariya. Ya ce, "Ashe ke ce mai kora kaji da murya?" Ya wanke ƙafa ya wuce gidan Bulama da takardarsa. Ya dawo ya ce komai daidai.

Ba zan ce tsoron ya tafi duka ba. Ya dai ragu ya koma lungu. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shigo, aka sa ranar zaɓe. Da safiyar ranar na naɗe bargonmu, na ƙulla ƙuliƙuli da dabino a tsumma na cusa a ciki. Yana sa hula na miƙa masa.

Ya ce, "Me zan yi da bargo? Ga makarantar can, in na yi tari kina ji."

Na ce, "Ka dai riƙe, Malam."

Ya dube ni. Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba. Ya karɓa ya saɓa a kafaɗa. A waje ya kama bakin sandar makahon, suka tafi tare, shi a gaba, tsohon a baya yana yi masa surutu.

Ban hura wuta ba, ban share tsakar gida ba. Na zauna inda zan ga inuwar zana, ina kallonta tana janyewa. Duk motar da ta yi ƙugi a hanyar kasuwa sai in miƙe tsaye, in kasa kunne in ji ko ta tsaya a makaranta. Goggo ta zo ta gan ni haka, ta zuba mini nono a ƙoƙo ba tare da na tambaya ba, ta zauna tana yi wa yaron wasa.

Ba a kira azahar ba na jiyo muryar tsohon daga kwana, yana magana yana dariya yana tari.

"Ina matar Mai kanwa? Fito ki karɓi mijinki da bargonki! Layi kaf sun sa shi a gaba. Wani ya ce, Mai kanwa, da kanka za ka kai ƙuri'ar Ikko? Wani ya ce a'a, a cikin akwatin zai kwana. Ni dai na gode, a kan bargon na zauna har layi ya zo kanmu, ƙuliƙulin ma ni na cinye."

Malam ya shigo yana gumi, ya sauke bargon a kan turmi. Ya miƙo mini babban yatsansa, an shafa masa tawada don kada mutum ya jefa sau biyu. Ya ce, "Ga abin da suka yi mini. Shi ke nan."

Na kama yatsan na duba, gaba da baya, a gaban Goggo, ko kunya ban ji ba. Daga nan na zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "To, yau ba a cin abinci ne a gidan nan?" Na tashi na hura wuta. Miyar ranar gishiri ya yi mata yawa, ya cinye tas. Ranar kasuwa na aika wa Innata saƙo ta bakin wata mai tallan daddawa 'yar ƙauyenmu, na ce a gaya mata an rubuta sunansa, ya je, ya dawo.

Bayan haka ne na shiga ajin koyon karatu na matan unguwa, inda na koyi ɗan rubutun da kuke gani. Ku yi haƙuri da shi, hannuna bai saba ba.

Roƙona gare ku, masu karanta wannan, guda biyu ne. In kun tashi daga inda aka rubuta ku, ku je da ƙafarku a gyara tun kuna gari, kada ku bar wa matar da ba za ta iya kama sunanku ba. In kuma mai alƙalami zai zo ƙofarku, ku zaunar da matan gida da tsofaffi tun kafin ya iso, ku gaya musu abin da ake rubutawa, da inda za a je, da lokacin da za a dawo. In ba su yarda ba, don Allah ku sake faɗa.